Jijiya, garkuwar jiki da ciwon daji: kada a raina ciwo mai naci

Akwai wani irin zama da na saba gani a wurin aiki. Majiyyaci zai zauna a bakin gado, ya sunkuya gaba, ya rungume matashi a cikinsa, domin da zarar ya kwanta rigingine bayansa ba ya barinsa ya runtsa. Idan ka tambaye shi, wata da watanni ya yi yana haɗiyar maganin kashe zafi. Sau da yawa matsalar mai sauƙi ce. Amma wani lokaci hoto kan nuna ƙari a fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, kuma ciwon bayan ya samo asali ne daga ƙwayoyin dajin da suka nannaɗe jijiya, suna bin ta kamar tsiro mai yaɗo a jikin igiya.

Ba jijiyar jini nake nufi ba. Ina maganar jijiyoyin saƙo ne, waɗanda suka fito daga ƙwaƙwalwa da laka suka ratsa fata, hanji da sauran gaɓoɓi. Da can likitoci sun ɗauka hanya ce kawai daji ke samu a jikinsu. Yanzu an gano cewa da hannunsu a ciki.

A shekarar 2000, Kevin Tracey da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa idan aka zaburar da jijiyar bagus da ɗan lantarki, doguwar jijiyar nan da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya zuwa ƙirji da ciki, ƙwayoyin garkuwar jiki kan rage fitar da sinadarin da ke hura kumburi. Daga baya aka gane cewa ta saifa saƙon ke bi. Ashe garkuwar jiki ba gaban kanta take ci ba, tana sauraron jijiya.

A 2013 kuma Claire Magnon da Paul Frenette, a Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein da ke New York, suka bibiyi dajin firostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Suka tarar sababbin jijiyoyi na tsirowa cikin ƙarin kansa. Jijiyoyin da ke tashi lokacin firgici su ke taimaka masa ya kafu, wani rukunin kuma ya taimaka masa ya bazu. Bayan shekara ɗaya, masu bincike daga Jami'ar Columbia da ƙasar Norway suka yanke reshen bagus da ke zuwa tumbin ɓeraye, ko suka kashe shi da allurar Botox mai toshe saƙon jijiya, sai dajin tumbin ya rage girma. 

To, a nan nake so mu nutsu. Yawancin wannan sakamako a jikin ɓeraye aka same shi. Ana gwada magungunan hawan jini irin su furofaranolol a kan masu daji, domin suna toshe saƙon jijiyoyin firgici, amma gwaji ne, ba a tabbatar da su a matsayin maganin daji ba. Wanda ya sha da kansa na iya jawo wa zuciyarsa raguwar bugu mai haɗari, mai asma kuwa numfashinsa na iya sarƙewa.

Wani abu da ke sosa mini rai shi ne a ce wa mara lafiya, "Yawan tunani ne ya jawo miki." Binciken bai faɗi haka ba. Baiwar Allah tana fama da jinya, kada a ƙara mata da ɗora laifi. A zauna da ita, a raka ta asibiti, a kula ta samu barci.

Idan ciwon baya ko na ciki ya wuce makonni yana tashinka da dare, musamman tare da rama ko idanu sun yi rawaya, ka je asibiti. Haka idan wani ɓangare na fuska, leɓe ko harshe ya mutu ba ya jin taɓi, ko gyambon baki ya ƙi warkewa, domin dajin baki da maƙogwaro ma kan bi jijiya. Ka gaya wa likita tun yaushe ya fara, a ina yake, wane irin zama ke sauƙaƙa shi, kuma ka taho da kwalayen duk magungunan da ka sha.