Ma'aunin kyan surar mace a tarihi

Ma'aunin kyan surar mace shi ne irin dirin da jama'ar wani zamani suka fi yabawa, wato cikar jiki ko siranta, da yadda ƙirji, ƙugu da mazaunai suka dace da juna. Ma'aunin yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, daga ƙarni zuwa ƙarni. Shaidar da ta rage galibi zane ne da sassaƙa da tufafin masu hali, saboda haka ta fi nuna ra'ayin fada da attajirai.

Zamanin da

A 1908 aka tono wani ɗan mutum-mutumin dutse a Willendorf ta ƙasar Ostiriya, tsawonsa kamar santimita 11, mai manyan nonuwa da teɓa da kauraran cinyoyi, ba shi da fuska. Ana kiyasin ya kai shekara 25,000 zuwa 30,000. Masana ba su daidaita kan ko alamar kyau ne, ko ta haihuwa, ko abin tsafi ba. Zanen tsohuwar Masar ya fi nuna mata sirara masu tsayi. Girkawa kuwa sun sassaƙa mace matsakaiciya mai ɗan tumbi da faɗin ƙugu.

Ƙasar Sin

A daular Tang (618 zuwa 907) an yabi mace mai jiki da kumatu, kuma Yang Guifei, ƙwarƙwarar sarki Xuanzong, ita ake ba da misali da ita. Bayan haka, wajen ƙarni na 10, hankali ya koma kan ƙafa. Tun yarinya tana shekara 4 zuwa 9 ake jiƙa ƙafarta a ruwan ɗumi, a yanke farce, a lanƙwasa ƙananan yatsu huɗu ƙarƙashin tafin ƙafa, sannan a ɗaure da ƙyalle mai tsawon kusan mita 3 har diddige ya matso kusa da yatsun. Bayan 'yan kwanaki a kwance ƙyallen, a sake ɗaurewa da ƙarfi fiye da na farko. Burin shi ne ƙafa mai santimita 10 ko kusa da haka. Farce kan shige cikin nama ya ɗuri ruwa, jini ya kasa gudu, yatsa ya ruɓe ya faɗi. An haramta al'adar a 1912, amma sai bayan 1949 ta mutu a ƙauyuka.

Turai da rigar matse ƙugu

Zanen Rubens (1577 zuwa 1640) cike yake da mata masu tsoka da ninkin fata a kwiɓi, a zamanin da ƙoshi kansa shaidar arziki ne. Sai dai a lokacin ma tufafi ke tsara jikin. Daga ƙarni na 16 matan manya suna sa koset, riga mai tauri da ake jera wa tsinkayen ƙashin kifin wel, daga baya na ƙarfe, a zarge ta da igiya ta baya. Da ana ɗinke bakin hudojin igiyar da zare ne, idan an ja da yawa sai yadi ya yage. Zuwan zoben ƙarfe a hudojin wajen 1828 ya ba da damar ja iya ƙarfi, aka fara neman ƙirar kalangu gadan-gadan. Yawancin mata 'yan santimita kaɗan suke ragewa. Masu wuce gona da iri kan gamu da gajeren numfashi, lanƙwashewar haƙarƙarin ƙasa, rashin narkewar abinci da raunin tsokar baya, tunda riga ta karɓe mata aikinta.

A 1856 aka fara yayin kejin waya da ake sawa ƙarƙashin siket don ya buɗe kamar lema, ƙugu ya ƙara bayyana siriri. Irin wannan siket ya sha kama wuta a bakin murhu. A shekarun 1870 da 1880 tudun ya koma baya, bisa mazaunai.

Ƙarni na 20

Bayan yaƙin duniya na farko aka juya gaba ɗaya: 'yan matan shekarun 1920 na ɗaure ƙirji don ya shafe, suna neman jiki miƙaƙƙe kamar na samari. A 1947 mai tsara tufafi Christian Dior ya dawo da siririn ƙugu da faffaɗan siket, surar da aka san 'yar fim Marilyn Monroe da ita. A 1966 mai tallar tufafi Twiggy ta yi tashe a Ingila da jiki kamar tsinke, sannan aka yi yayin motsa jiki a shekarun 1980 da na rama a shekarun 1990. A ƙarni na 20 aikin ya tashi daga kan tufa ya koma kan jikin kansa, ta hanyar rage cin abinci, ƙwayoyi da tiyata.

Ƙiba a matsayin ado

A wasu sassan Mauritaniya ana yi wa 'yan mata ɗuren nonon raƙumi da gero kafin aure, har nankarwa ta fito, ita ma ana ƙirga ta cikin kyau. A birane wasu sun koma shan magungunan ƙiba, har da na dabbobi. Ciwon suga da hawan jini na biyo baya.

Yanzu

A shekarun 2010 aka shiga yayin siririn ƙugu da manyan mazaunai. A tiyatar da ake yi don haka, ana zuƙo kitse daga ciki ko kwiɓi a tace shi a ɗura a mazaunai. Idan allura ta shiga cikin tsoka, kitse na iya faɗawa jijiyar jini ya toshe huhu, shi ya sa ƙungiyoyin likitoci suka ce a tsaya ƙarƙashin fata kawai. Game da yawan rama kuwa, daga 2017 Faransa ta wajabta wa masu tallar tufafi takardar likita mai shaida lafiyarsu.

A 1993 masanin halayyar ɗan Adam Devendra Singh ya ce maza ko'ina sun fi son ƙugun da kewayensa ya kai kashi 70 cikin 100 na mazaunai. Binciken da aka yi a wasu al'ummu bai goyi bayansa ba.