Yaye injiniyoyi: yadda aka fara a MIT da yadda ake yi a Kano

Ranar bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Bayero titin Gwarzo kan cushe tun da safe, masu hoto su yi ciniki, dangi su cika motoci daga Fagge da Kurna da cikin gari. Iyaye da yawa na ɗauka a ranar ce ɗansu ya zama injiniya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin, an faro daga tarihin wata tsohuwar makarantar injiniyanci a Amurka.

Tun asali makarantun injiniyanci na yin irin wannan biki?

A'a. Ɗauki MIT, wato Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, da ke jihar Massachusetts a Amurka. An ba ta izinin kafuwa ranar 10 ga Afrilu 1861, bayan kwana biyu yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, don haka ba a fara karatu ba sai Fabrairun 1865, da ɗalibai 15, a wasu ɗakunan haya a birnin Boston. Rukunin farko ya kammala a 1868, mutum 14. Ba a yi musu wani gagarumin taro ba. Sai a 1879 aka yi zaman yaye ɗalibai na farko a hukumance, a babban ɗakin taron ginin makarantar da ke titin Boylston. Doguwar riga da hular nan mai faffaɗan kai kuwa ba su shigo ba sai a 1923, bayan makarantar ta ƙaura zuwa Cambridge a 1916. Injiniyoyin da ta yaye a shekaru hamsin na farko babu wanda ya sa rigar, kuma bai rage su da komai ba.

To me ake yi a wajen taron idan babu riga?

Aikin ɗalibi ake bajewa. Tun rukunin 1868 kowane mai kammalawa sai ya rubuta kundin bincike, da hannu ake rubutawa a lokacin, kuma a tarukan farko wasu daga cikin ɗaliban kan miƙe su karanta taƙaitaccen abin da suka gano. Wannan ya dace da ra'ayin wanda ya kafa makarantar, William Barton Rogers, masanin duwatsu da ma'adinai, wanda ya dage a kan cewa ɗalibi ya taɓa kayan aiki da hannunsa a ɗakin gwaji, kada ya tsaya a sauraron lacca. Ɗaya daga cikin mutum 14 ɗin nan, Robert Richards, ya zauna a makarantar ya zama farfesan haƙar ma'adinai. A 1873 Ellen Swallow ta karɓi digiri a kimiyyar sinadarai, ita ce mace ta farko da MIT ta yaye, daga baya ma su biyun suka yi aure.

Wai da gaske a wajen bikin Rogers ya rasu?

Gaskiya ne. Ranar 30 ga Mayu 1882, yana da shekara 77, ya riga ya miƙa shugabanci ga Francis Walker, aka gayyace shi ya yi wa masu kammalawa jawabi. Yana cikin magana ya yanke jiki ya faɗi a kan dandamali, rai ya yi halinsa. Kalmomin ƙarshe da aka ji daga bakinsa sunan wani nau'in kwal ne da ake haƙowa daga ƙasa.

A Arewa fa, ina aka fara?

Zariya. Reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya da ke can shi ya riƙe fannin injiniyanci, ɗalibai suna rubuta jarrabawar Jami'ar Landan, kafin reshen ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Ita kanta Bayero kwaleji ce a ƙarƙashin Zariya, sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a.

Malam, ɗana ya rubuta jarrabawar ƙarshe, abokai sun zana masa biro a riga. Ya gama ke nan?

Alhaji, da sauran tafiya. Digirin injiniyanci shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta JAMB daga ajin farko. A aji huɗu ɗalibi kan yi wata shida a masana'anta ko wajen gini ƙarƙashin shirin SIWES, ya cika littafin aikinsa kullum, mai kula da shi ya sa hannu. A aji biyar ya yi kundi, ya kare shi a gaban malamai. Daga nan wani malami daga wata jami'a ya zo ya duba kundin da takardun jarrabawa. Sai sakamako ya bi matakai uku: zaman malaman sashe, zaman tsangaya, sannan majalisar dattawan jami'a. Ranar da majalisar nan ta amince ita ce ainihin ranar kammalawa, kuma sai bayanta ake ba da takardar sakamako ta wucin gadi, a tura suna ga hukumar bautar ƙasa.

Matsayin digiri lissafi ne a kan maki 5.00. Daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama, 1.50 zuwa 2.39 ta uku.

A ina aka fi maƙalewa?

Wuri na farko kwas ɗin da aka faɗi tun ajin baya, wanda ɗalibai ke kira kari-oba. Yaro ya faɗi lissafin aji biyu, ya sake rubutawa ba tare da ya yi rajistarsa a wannan zangon ba, sai makin ya rasa inda za a shigar da shi. Ba zai farga ba sai jerin masu kammalawa ya fito babu sunansa. Maganinsa kyauta ne: a farkon aji biyar ya zauna da jami'in da ke kula da ajinsu, su bi kwasa-kwasan ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu suna. Muhammad a takardar JAMB, Mohammed a rajistar jami'a, ko sunan mahaifi ya dawo gaba a wata takardar. Wannan ɗan bambanci kan tsayar da kiran bautar ƙasa, kuma gyara bayan an buga babbar takardar shaida wahala ce mai cin watanni.

Na uku kundin kansa, kuma nan ne lokaci ke cin amanar ɗalibai. Ɗauki mai karanta injiniyancin gine-gine da zai gwada ƙarfin kankare. Zai kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa bisa awo, ya zuba a akwatin ƙarfe mai milimita 150 ta kowane ɓangare, yana dannawa hawa-hawa don iska ta fita. Bayan awa 24 ya kwance akwatin, ya nutsar da dunƙulen a tankin ruwa. Ana matse su a inji a kwana na 7 da na 14 da na 28, galibi dunƙule uku kowane lokaci a ɗauki matsakaici. Kwana 28 ɗin nan ba ya karɓar roƙo. Wanda ya zuba kankarensa saura mako uku a kare kundi ba shi da babban sakamakon da ake nema. Idan kuma tankin ya ƙafe a zafin Afrilu na Kano, dunƙulen ya bushe a sarari, siminti bai gama haɗuwa da ruwa ba, ƙarfin zai fito ƙasa da yadda ya kamata. Wasu sai su ƙirƙiri lambobi. Gogaggen malami da kallo ɗaya yake ganewa, domin dunƙule uku na gaske ba sa ba da lamba iri ɗaya cif.

Idan bai halarci bikin ba, digirin ya lalace?

Ko kaɗan. Jami'o'inmu kan haɗa rukunin shekara biyu ko uku a biki ɗaya, musamman bayan yajin aiki, ta yadda wani ma ya gama bautar ƙasa kafin a kira shi. A zauren shugaban taro na furta cewa an ba su digirin, waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba. Rigar haya ce, a biya a karɓa, a mayar bayan taro. Babbar takardar shaida a ofishin jami'a ake karɓa bayan an nuna shaidar cewa babu bashin ɗakin karatu, na sashe ko na kuɗin makaranta.

Yanzu za mu iya kiransa Injiniya?

A gida a kira shi, babu mai hanawa. A takarda kuwa doka ce ke magana. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma sai mai rajista ne ke da ikon sa laƙabin a gaban sunansa da buga hatimi a zanen aiki. Sharuɗɗan sun haɗa da digiri daga sashen da aka tantance, da aƙalla shekara huɗu na aiki bayan kammalawa, da rahoton ayyukan da ya yi, da ganawa da masu tantancewa. Mai babbar difloma daga kwalejin fasaha yana da nasa rukunin rajista daban. Shi ya sa tun kafin yaro ya cike JAMB ya kamata a bincika ko kwas ɗin da zai shiga yana da amincewar hukumar jami'o'i ta ƙasa da ta COREN, domin sabon sashe kan ɗauki ɗalibai kafin a kammala tantance shi. Daga ranar da ya fara aiki kuma ya riƙa ajiye kwafin zane, lissafi, hotuna da sunan injiniyan da ya kula da shi, don su za a nema a wajen ganawar.