Waiwaye: Yadda mutum-mutumi ya shiga aikin jinya

Da aikin ɗan aike mutum-mutumi ya fara shiga aikin jinya. A 1988 asibitin Danbury da ke Amurka ya karɓi HelpMate, na'urar kamfanin Joseph Engelberger, wadda ke zagaya sassan asibiti tana kai abinci da magani. Abin da ake nema daga nas a lokacin bai wuce ta danna inda za a je, ta sauke kaya ba.

Lamarin ya yi nauyi a shekarar 2000, da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar tiyata ta da Vinci. Likita na zaune gefe, idonsa a cikin allo, yana sarrafa hannuwan ƙarfe daga nesa. Wa ke tsaye kusa da majinyaci? Nas da mataimakin likita. Nas ce ke lulluɓe hannuwan na'urar da leda mai tsabta, ta shirya kayan aiki, ta lura kada ƙarfe ya danne wa mutum wata gaɓa alhali yana cikin barcin allura ba zai iya cewa wayyo ba. In jini ya ɓalle, dole ta san yadda ake zare na'urar da gaggawa domin a buɗe ciki da hannu. Wannan sai da atisaye, karatu kaɗai ba ya koyar da shi.

Japan, mai yawan tsofaffi da ƙarancin masu kula da su, ta fi kowa zuba buri. Can aka ƙera Paro, mai siffar jaririn wata dabbar teku, domin kwantar da hankalin masu ciwon mantuwa. A 2015 cibiyar bincike ta RIKEN ta nuna Robear, mutum-mutumi mai ɗaga majinyaci daga gado, amma bai taɓa zama kayan aikin yau da kullum ba. Mai bincike James Wright, wanda ya yi nazari a wani gidan kula da tsofaffi a ƙasar, ya tarar cewa na'urorin sun ƙara wa ma'aikata hidima: turawa, gogewa, caji, sa ido. A ganina wannan ne aka fi yin shiru a kansa, alhali a wuyan ma'aikatan jinya yake sauka.

Annobar korona ta 2020 ta hanzarta komai. A Varese ta Italiya an ajiye mutum-mutumi kusa da gadaje yana isar da bayanan majinyata, Ruwanda kuma ta samu guda 5 ta hannun UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, masu auna zafin jiki. Nan wata ƙwarewar ta fito fili: nas ta iya tantance lamba, in na'ura ta ce lafiya lau amma numfashin mutum ya sauya, ta yarda da idonta. Sai kiyaye sirrin majinyaci gaban kyamara, da iya yi wa dattijo bayani har ya yarda ƙarfe ya matso shi, da mutunta shi in ya ƙi.

Abin da ke damuna shi ne a sayo na'ura ba a ji ta bakin waɗanda za su kwana da ita ba. Waɗanda suka kafa kamfanin Diligent Robotics na Texas, Andrea Thomaz da Vivian Chu, sun bi wata hanyar: sai da tawagarsu ta yi ta bin nas-nas a bakin aiki tana kallon abin da ke cinye musu lokaci, sannan aka tsara mutum-mutumin da ake kira Moxi. Aikin da aka ba shi shi ne ɗauko kaya da kai samfurin jini ɗakin gwaji, ba ya taɓa majinyaci.