Haɗin Gwiwar Al'umma da Manyan Makarantu: Tambayoyi da Amsoshi kan Shigar da Waɗanda Aka Bari a Baya

A ƙididdigar hukumar UNESCO, adadin masu karatun gaba da sakandare a duniya ya kai wajen kashi 40 cikin ɗari na matasan da suka isa shekarun shiga jami'a, amma a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara bai wuce wajen kashi 9 ba. Ko a ƙasashe masu arziki, ɗan talaka da ɗan mai hali ba sa isa ƙofar jami'a da ƙarfi ɗaya. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi don rage wannan tazara ita ce haɗa hannu tsakanin manyan makarantu da al'ummomin da ɗaliban suka fito, kuma ga wasu tambayoyi da suka cancanci a amsa game da ita.

Me ake nufi da haɗin gwiwar al'umma a wannan fage?

Yarjejeniya ce da jami'a ko kwaleji take ƙullawa da waɗanda suke kusa da ɗalibi fiye da ita, wato makarantun sakandare, ƙungiyoyin unguwa, cibiyoyin addini, ƙananan hukumomi, kamfanoni da masu ba da agaji, domin kowa ya kawo abin da ɗayan ba shi da shi. Jami'a tana da malamai da manhaja da ikon ba da takardar shaida, amma ba ta san gidajen da yara masu ƙwazo suke zaune ba, kuma sau da yawa iyayen waɗannan yara ba su taɓa taka harabarta ba. Ƙungiyar unguwa kuwa ta san yaron da mahaifiyarsa, ta san dalilin da ya sa ya daina zuwa aji, kuma maganarta tana da nauyi a gidan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Su wane ne ake cewa an bari a baya?

Amsar takan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma wasu rukunoni suna maimaituwa kusan a ko'ina: 'ya'yan marasa ƙarfi, mazauna karkara, masu buƙata ta musamman, 'yan gudun hijira, ƙananan ƙabilu da 'yan asalin ƙasa da aka daɗe ana dannewa, 'yan mata a wuraren da ake fifita karatun maza, manyan da aiki ko aure ya raba su da karatu, da kuma fursunoni. Akwai kuma rukuni mai faɗi da ya ratsa dukansu, wato ɗalibin da shi ne na farko a gidansu da zai shiga jami'a, wanda ba shi da wa ko ya da zai tambaya yadda ake cike fom ko yadda ake zaɓen darasi.

Ashe ba rashin kuɗi ne dukan matsalar ba?

Kuɗi babban ɓangare ne, kuma duk wanda ya raina shi bai san talauci ba. Amma an sha ganin tallafin karatu yana ajiye, ɗaliban da suka cancanta kuma ba su nema ba, saboda hanyar neman ta fi ƙarfinsu. Wani gwaji da aka yi a Amurka a shekarar 2008 ya fito da wannan fili. Masu bincike sun haɗa kai da kamfanin H&R Block, wanda yake taimaka wa mutane cike takardun haraji, a jihohin Ohio da North Carolina. Idan iyali masu ƙaramin ƙarfi suka zo cike takardun harajinsu, sai ma'aikaci ya yi amfani da bayanan da ke gabansa ya taya su cike fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, aikin da bai ɗauki fiye da 'yan mintoci ba. A cikin yaran da ke shekarar ƙarshe ta sakandare waɗanda iyayensu suka sami wannan taimako, kashi 36 cikin ɗari sun kammala shekara biyu a kwaleji, a yayin da kashi 28 ne kawai suka yi haka a cikin waɗanda ba a taya ba. Wani rukuni da aka ba su bayani kawai game da tallafin, ba tare da an taya su cike fom ba, bai nuna wani sauyi na a zo a gani ba.

Abin da na ɗauka daga wannan gwaji shi ne, raba takardun wayar da kai da shirya taro na yini ɗaya ba sa wadatarwa. Abin da yake aiki shi ne mutum ya zauna kusa da ɗalibi, a wurin da iyalinsa suka riga suka saba zuwa, har sai an gama aikin. Akwai ma wata matsala da masu bincike suka lura da ita, ta ɗaliban da suka sami gurbi amma ba su bayyana ranar buɗe makaranta ba, saboda a watannin da ke tsakanin gama sakandare da fara jami'a babu malamin da ke kula da su, ga wasiƙun rajista da na masauki da na biyan kuɗi suna ta zuwa. A wannan tsakani ne ƙungiyar al'umma take da amfani fiye da kowa, domin makarantar da yaron ya bari ta sallame shi, wadda zai shiga kuma ba ta karɓe shi ba tukuna.

To idan al'umma ta ɗauki nauyin kuɗin makarantar baki ɗaya fa?

An gwada wannan. A watan Nuwamba na 2005, wasu masu hannu da shuni da suka ɓoye sunayensu sun yi alkawarin biyan kuɗin karatun gaba da sakandare ga yaran da suka gama makarantun gwamnati na birnin Kalamazoo a jihar Michigan. Wanda ya yi karatu a makarantun birnin tun daga ajin share fagen shiga firamare yana samun cikakken tallafi, wanda ya shigo a farkon babbar sakandare kuma yana samun kashi 65 cikin ɗari. Hikimar tsarin ita ce ba a jira sai yaro ya gama sakandare sannan a gaya masa akwai tallafi. Yana tasowa da sanin cewa jami'a tana cikin lissafinsa, kuma iyayensa da malamansa ma sun sani. Garuruwa da dama sun kwaikwayi wannan tsari daga baya.

Jihar Tennessee ta ɗauki irin wannan tunani ta mayar da shi doka a 2014, inda ta ba waɗanda suka gama sakandare damar yin shekara biyu a kwalejojin al'umma ko na fasaha ba tare da biyan kuɗin makaranta ba, tare da haɗa ɗalibai da 'yan sa-kai masu yi musu jagora, da kuma wajabta musu awa takwas na hidimar al'umma a kowane zango. Sai dai akwai suka mai ma'ana da ake yi wa tsarin: yana biyan ragowar kuɗin makaranta ne bayan an cire sauran tallafi, saboda haka mafi talauci, wanda tallafin gwamnatin tarayya ya riga ya biya masa kuɗin makaranta, ba ya samun wani ƙari, alhali kuwa kuɗin mota da haya da littattafai su ne suke korar sa daga karatu.

Me ya sa ɗalibi yake shan wahalar shiga, sannan ya bari kafin ya gama?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin ɗalibin da ya shiga ya fita ba tare da takardar shaida ba ya yi asarar shekaru, wani lokaci kuma ya fita da bashi a wuyansa. Dalili ɗaya shi ne kaɗaici. Gidauniyar Posse, wadda Deborah Bial ta kafa a birnin New York a 1989, ta samo asali ne daga maganar wani ɗalibi da ya bar jami'a, wanda ya ce da yana tare da abokansa da bai bari ba. Daga nan aka fara tura ɗalibai a ƙungiyance, rukunin farko zuwa Jami'ar Vanderbilt. A yau makarantun sakandare da ƙungiyoyin al'umma ne suke gabatar da sunayen yara, a zaɓi goma su tafi jami'a ɗaya da cikakken tallafin kuɗin makaranta, bayan sun shafe watanni suna samun horo tare, kuma a can akwai malamin da aka ɗora wa alhakin kula da su. Gidauniyar ta ce wajen kashi 90 cikin ɗari na ɗalibanta suna kammala digiri.

Dalili na biyu shi ne ƙananan buƙatun yau da kullum da suke taruwa su zama dutse. Jami'ar birnin New York ta fara wani shiri mai suna ASAP a 2007 da tallafin hukumar birnin, inda ake ba ɗaliban kwalejojin al'umma katin shiga motocin haya da jirgin ƙasa kyauta, da littattafai, da mai ba da shawara da ba a cika masa ɗalibai ba, bisa sharaɗin su riƙa ɗaukar cikakkun darussa. Da cibiyar bincike ta MDRC ta auna shirin ta hanyar ƙuri'a tsakanin ɗalibai masu kama da juna, ta sami kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ke cikinsa sun kammala a shekara uku, a yayin da kashi 22 ne suka kammala a ɗaya ɓangaren. Shirin yana da tsada a kan kowane ɗalibi, amma idan aka raba kuɗin a kan yawan waɗanda suka fita da takardar shaida, lissafin yakan juya ya goyi bayansa.

Yaya batun waɗanda ba za su iya zuwa harabar jami'a ba ko da an biya musu?

A nan sai jami'a ta je inda suke, kuma ba za ta iya ba sai da abokin aiki a wurin. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana ba da tallafin karatun jami'a mai suna DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta assasa a 1992, amma duk da haka na tsawon shekaru kashi 1 cikin ɗari ne kawai na matasan 'yan gudun hijira suke samun ilimin gaba da sakandare. Adadin ya kai kashi 7 a 2023, kuma burin hukumar shi ne kashi 15 nan da 2030. A sansanin Dadaab na Kenya, a 2013 jami'o'in Kanada da na Kenya, ciki har da York da Kenyatta, suka haɗa kai da ƙungiyoyin da ke aiki a sansanin suna koyar da 'yan gudun hijira, waɗanda da yawansu suna koyarwa a makarantun sansanin ba tare da horon malanta ba. An tsara karatun hawa-hawa, daga satifiket zuwa difloma zuwa digiri, don kada wanda rayuwa ta tsayar a hanya ya fita hannu rabbana, kuma an shigar da 'yan garin da suka karɓi baƙin.

Haka lamarin yake a gidajen yari. A 1994 Amurka ta hana fursunoni tallafin karatu na gwamnatin tarayya mai suna Pell, sai yawancin shirye-shiryen kwaleji a gidajen yari suka rufe. Waɗanda suka ci gaba, kamar shirin Kwalejin Bard a jihar New York, sun rayu ne da gudummawar jama'a da haɗin kan hukumomin gidajen yari, har zuwa watan Yuli na 2023 da aka maido da tallafin.

Shin wannan ba sassauta ma'auni ba ne, har a rage darajar digiri?

Ba dole ba ne. Abin da ake sauyawa shi ne hanyar gano mai hazaƙa, ba abin da ake buƙata kafin a ba shi digiri ba. Makarantar Sciences Po ta birnin Paris ta ƙulla yarjejeniya a 2001 da makarantun sakandare na unguwannin marasa galihu, ta buɗe wa ɗalibansu wata hanyar shiga dabam da jarrabawar da aka saba, amma bayan sun shiga aji ɗaya suke zama da kowa, jarrabawa ɗaya suke rubutawa. A 2015 kuma tawagar muhawara ta fursunonin da ke karatu a shirin Bard ta doke tawagar ɗaliban Jami'ar Harvard. Jarrabawar shiga tana auna hazaƙa, amma tana kuma auna irin makarantar da iyaye suka iya biya.

Mene ne matsayin kamfanoni a ciki?

Suna kawo horon aiki da kayan aiki da hanyar samun aiki. Makarantar P-TECH da aka buɗe a Brooklyn a 2011, da haɗin kan kamfanin IBM da hukumar ilimi ta birnin da jami'ar birnin, tana ba ɗalibi damar fita da shaidar sakandare da ƙaramin digiri na shekara biyu cikin shekara shida ba tare da biyan kuɗi ba. Abin lura shi ne kada buƙatar kamfani ɗaya ta ƙuntata manhaja har takardar ɗalibi ta rasa amfani idan kamfanin ya tashi.

Ta yaya za a bambance haɗin gwiwa na gaskiya da na sa hannu a takarda?

Abu na farko da za a duba shi ne wane ne yake yanke shawara. Idan jami'a ce take tsara komai sannan ta kira shugabannin al'umma ranar ƙaddamarwa, to an mayar da su 'yan kallo. Al'ummar Navajo, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka, ta kai wannan batu ƙarshensa a 1968, lokacin da ta kafa kwalejinta da kanta, wadda a yau ake kira Kwalejin Diné, domin 'ya'yanta su yi karatu a ƙasarsu, a ƙarƙashin hukumar da mutanensu suke jagoranta, tare da harshensu da tarihinsu a cikin manhaja. Ba kowace al'umma ce za ta iya gina kwaleji ba, amma kowace tana iya neman kujera a kwamitin da ke zaɓen ɗalibai da raba kuɗi.

Sai kuma tsawon alkawarin. Digiri yakan ɗauki shekara huɗu, ga mai aiki ko mai raino kuma yakan wuce haka, saboda haka tallafin da aka tsara na shekara biyu yana iya ƙarewa ɗalibai suna tsakiyar hanya. Ya kamata yarjejeniya ta faɗi a rubuce wanda zai ɗauki nauyin waɗanda aka riga aka ɗauka idan mai ba da kuɗi ya janye. Haka nan ya kamata rahoton shekara-shekara ya wuce yawan waɗanda aka bai wa gurbi, ya nuna nawa ne suka dawo shekara ta biyu, nawa ne suka kammala, nawa ne suka fita da bashi, kuma a rarrabe alƙaluman tsakanin maza da mata, da birni da karkara, domin jimilla ɗaya tana iya ɓoye rukunin da shirin bai kai gare shi ba.