Me Ake Nufi da "Mutuwar Marubuci"?

Duk wanda ya taɓa zama cikin gardama kan ma'anar wani baiti ko ƙarshen wani ƙagaggen labari ya san inda maganar kan je ta tsaya. Wannan ya ce ga abin da ake nufi, wancan ya ce ina, ba haka ba ne, sai na uku ya zaro hirar da aka yi da mai aikin, ya ce to ku saurara, ga abin da shi da bakinsa ya faɗa. A ganinsa magana ta ƙare, tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Daidai nan ne wanda ya taɓa leƙa ajin nazarin adabi yakan jefo tasa: ai marubuci ya mutu. Sau da yawa kuwa marubucin da ake magana a kansa yana nan da ransa da lafiyarsa, ƙila ma yana karanta gardamar a wayarsa.

Wannan mutuwa ba ta likkafani ba ce. Ra'i ne a fagen tarken adabi, wato nazari da sharhi kan ayyukan adabi, da ke cewa da zarar rubutu ya bar hannun mai shi ya shiga duniya, niyyar wanda ya rubuta da tarihin rayuwarsa sun daina zama alƙalan ma'anarsa. Marubuci yana iya faɗin abin da ya so ya ce, a saurare shi kamar yadda za a saurari kowane mai karatu, amma hukuncin ƙarshe ya fita daga hannunsa.

Wanda ya raɗa wa abin suna shi ne Roland Barthes, manazarcin Faransa da aka haifa a 1915, ana furta sunansa Bart. Maƙalar da ya rubuta mai taken "Mutuwar Marubuci" 'yar gajeruwa ce, ba ta wuce 'yan shafuka ba. Ta fara fitowa da Ingilishi a 1967 a wata mujallar Amurka mai suna Aspen, wadda a lokacin ake fitar da ita a cikin akwati tare da faya-fayan garmaho da guntayen fim, sannan ta fito da Faransanci a 1968. Shekarar ce ɗalibai suka cika titunan Paris suna ƙalubalantar duk wani mai iko, shi ya sa mutane da yawa suka ji maƙalar kamar wani ɓangare na wancan bore, duk da an rubuta ta kafin a fara shi.

Sai an san da wa yake faɗa kafin a gane zafin maganarsa. Tun ƙarni na 19 hanyar da ta yi kaka-gida a jami'o'in Faransa ita ce ta "mutumin da aikinsa". In kana son fahimtar waƙa, sai ka tono wasiƙun mawaƙin, ka gano wadda ya so, da bashin da ake binsa, da ciwon da ya kwantar da shi. In ka samo waɗannan ka gama, waƙar ta "bayyana". Barthes ya yi wa wannan ɗabi'a ba'a, ya ce a wajen irin waɗannan masu tarke zanen Van Gogh, shahararren mai zanen nan, haukarsa ne kawai. Ba sabon shiga ba ne a rigimar. A 1963 ya fitar da littafi kan Racine, babban marubucin wasan kwaikwayon Faransa, bai bi ta tarihin rayuwarsa ba, har wani shehin malami na jami'ar Sorbonne, Raymond Picard, ya mayar masa da martani mai zafi a 1965, yana kiran sabon salon tarken da yaudara.

Maƙalar ta buɗe da misali guda, kuma a ganina misalin ya fi duk sauran hujjojin ƙarfi. A 1830 Balzac, marubucin labarai na Faransa, ya rubuta labarin wani masassaƙi mai suna Sarrasine da ya je birnin Rum ya kamu da son wata mawaƙiya, bai san cewa namiji ne da aka dandaƙe tun yana yaro don muryarsa ta zauna siririya ba. A tsakiyar labarin akwai jimlar da ke kwatanta mawaƙiyar da cewa ita ce mace tsantsa, da firgitarta ta ba-zata, da sauyin ra'ayinta marar dalili, da taushin zuciyarta. Sai Barthes ya tambaya: wa ke wannan magana? Masassaƙin ne da soyayya ta rufe wa ido? Balzac ne ɗan Adam yake faɗin abin da ya ɗauka game da mata? Ko Balzac mai alƙalami ne yake maimaita abin da adabin zamaninsa ya saba faɗa? Ko kuwa maganar gari ce, irin wadda kowa ke yi ba a san mafarinta ba? Jimlar tana ɗauke da su duka, ga shi kuma wanda ake siffantawa ba ma mace ba ne. Ko da an ta da Balzac daga kabari ya zaɓi ɗaya, sauran muryoyin ba za su fice daga jimlar ba.

Daga nan ya gina sauran. Kalmomin da marubuci ke aiki da su ya tarar da su ne, sun riga shi zuwa duniya, kowace tana jan kayan da ta kwaso daga bakunan da ta ratsa. Haka salon buɗe labari, da yadda ake kwatanta kishi ko faɗuwar rana, duk gado ne. Don haka ya kira matani, wato rubutun da ake karantawa, saƙa, wadda aka haɗa da zaruruwan maganganun da aka riga aka yi. Kalmar da harsunan Turai da dama ke kiran matani da ita ma daga kalmar Latin ta saƙa ta fito. Wannan tunani ya yi daidai da na Julia Kristeva, 'yar Bulgeriya da ta zo Paris karatu a tsakiyar shekarun 1960, ta gabatar da ra'ayoyin Mikhail Bakhtin na Rasha, ta kuma ƙirƙiro kalmar da ke nufin cuɗanyar matani da matani. To in zaruruwan daga wurare dabam-dabam suka zo, a ina suke haɗuwa? Barthes ya ce a wajen mai karatu. Ya rufe maƙalar da jimlar da ta fi kowace yawo, cewa haihuwar mai karatu sai da mutuwar marubuci.

Ba shi ya fara taɓa wannan batu ba. A 1946 wasu Amurkawa biyu, Wimsatt da Beardsley, sun rubuta cewa niyyar mawaƙi ba a iya kaiwa gare ta, kuma ko an kai ba ita ce ma'aunin waƙa ba. Sai dai su sun yarda ma'ana tana kwance a cikin waƙar, mai haƙuri zai tono ta. Barthes bai yarda akwai wani ƙasan rijiya da za a taɓo ba.

A nan ne masu jefa kalmar a gardama suka fi zamewa. Suna ɗaukar ta a matsayin lasisi: tunda marubuci ya mutu, duk abin da na ji a raina shi ne ma'ana. Amma mai karatun da Barthes ya kwatanta, ya faɗa ƙarara, ba shi da tarihi, ba shi da labarin rayuwa, ba shi da halin kansa. Matattara ce kawai inda duk zaruruwan ke haɗuwa. Wato bai tsige marubuci don ya naɗa ni ko kai ba. A ce mawaƙi ya rubuta, "ƙofar ta ƙi rufuwa tun ranar da kika fita." Ya ce shi rabuwar masoya yake nufi. Wadda ta rasa mahaifiyarta ta karanta ta ji makoki, kuma kalmomin sun ba ta wannan dama, domin "fita" tana ɗaukar tafiya tana ɗaukar rasuwa. Mawaƙin ba shi da ikon ce mata ta yi kuskure. Wanda kuwa ya ce baitin yabon kafinta ne, sai ya nuna mana inda kalmomin suka ba shi wannan, in ya kasa a bar shi da abinsa.

A watan Fabrairun 1969 Michel Foucault, masanin falsafa na Faransa, ya gabatar da lacca a Paris da ta juya tambayar. Shi bai damu da ko marubuci ya mutu ba. Abin da ya tambaya shi ne, wane aiki sunan marubuci yake yi mana? Wasiƙa tana da mai sa hannu, yarjejeniya tana da mai tsaya mata, rubutun jikin bango yana da wanda ya yi shi, amma ba ma kiran ko ɗaya daga cikinsu "marubuci" da irin nauyin da muke ba kalmar. Sunan wata alama ce da al'umma ke liƙa wa wasu rubuce-rubuce don ta tara su wuri guda, ta ba su daraja, ta kuma taƙaita yawan ma'anonin da za a ciro daga cikinsu. Ya kawo tambaya mai ban dariya: in ana tattara ayyukan Nietzsche, masanin falsafar Jamus, aka ci karo da takardar lissafin kayan wankinsa, ita ma aiki ce? Ya kuma lura cewa an fara matsa wa rubutu lallai ya kasance da mai shi ne a lokacin da ake neman wanda za a hukunta in rubutun ya saɓa wa masu iko. Haƙƙin mallaka daga baya ya zo. A Ingila dokarsa ta farko ta 1710 ce.

Wani abu da ya faru a Faransa 'yan shekaru bayan haka ya gwada maganar Barthes da Foucault fiye da kowace lacca. Romain Gary ya ci kyautar Goncourt, babbar kyautar ƙagaggun labarai ta ƙasar, a 1956. Zuwa shekarun 1970 masu sharhi da yawa sun sa shi a sahun tsofaffin da ruwansu ya ƙare. Sai ga wani sabon marubuci, Émile Ajar, da harshe mai tsalle da barkwanci, aka yi ta yabonsa, har ya ci Goncourt a 1975, kyautar da ƙa'ida ta ce ba a ba mutum sau biyu. Gary ne Ajar. Ya sa wani ɗan uwansa ya riƙa fitowa gaban 'yan jarida a matsayin sabon marubucin, asirin bai tonu sosai ba sai bayan rasuwarsa a 1980. Hannu ɗaya ya rubuta littattafan, amma sunan da ke bangon ya sa aka karanta wasu da hamma, wasu da ɗoki. Mai bin Barthes zai ce kun gani, da an bar matani ya yi magana da ba a ji wannan kunya ba. Mai bin Foucault zai ce kun gani, sunan yana nan yana aiki, ko da na bogi ne.

Masu suka ba su yi shiru ba. E. D. Hirsch, a wani littafi na 1967, ya raba abu biyu: ma'ana, wadda ita ce abin da marubuci ya nufa kuma ba ta sauyawa, da muhimmanci, wato abin da aikin ya zama ga mai karatu a zamaninsa, wanda ke sauyawa kullum. A cewarsa in aka jefar da ta farkon babu sauran ma'aunin da za a ce wannan fassara ta fi waccan. Suka mafi ciwo ta fito ne daga mata manazarta da marubutan al'ummomin da aka daɗe ana yin magana a madadinsu. A ƙarni na 19 Mary Ann Evans ta fitar da littattafanta da sunan namiji, George Eliot, 'yan gidan Brontë, mata marubuta su uku, su ma sun ɓoye a bayan sunan Bell. Barbara Christian, baƙar fatar Amurka, ta yi ƙorafi a 1987 cewa wannan rububin ra'o'in tarke ya taso ne daidai lokacin da adabin baƙaƙe da na mata ya fara samun masu sauraro. Mutum ya sha wuya kafin a bar shi ya sa sunansa a bangon littafi, yana sawa a ce masa ai yanzu suna ba ya da amfani. Wannan ƙorafi ne da ban ga an ba shi amsa mai gamsarwa ba.

Akwai kuma matsalar gatse. A 1729 Jonathan Swift ya fitar da wata ƙasida, babu sunansa a kai, yana ba da shawara cikin natsuwa da lissafi cewa talakawan ƙasar Ayalan su riƙa sayar wa masu kuɗi jariransu a ci. Wanda ya karanta kalmomin kawai zai ce mahaukaci ne ya rubuta. Wanda ya gane kuwa ya gane ne don ya hango wani mutum a bayan rubutun, cike da fushi kan yadda ake zaluntar talakawan, yana faɗin akasin abin da ke ransa. Ko babu suna sai mai karatu ya ƙera wa kansa mai magana kafin ya fahimta. A nan nake ganin Barthes ya zarce: ya yi daidai da ya hana marubuci zama alƙali, amma karatu ba ya yiwuwa ba tare da zaton cewa wani yana nufin wani abu ba.

Kwanan nan an fi jin kalmar a wani wuri dabam, inda marubuci ya yi abin kunya ko ya furta abin da ya ɓata wa masoyansa rai, sai su ce ai marubuci ya mutu, mu ci gaba da sayen littafinsa. Wannan tambaya ce ta ɗa'a da ta kuɗi, ko ya dace ka tallafa wa wane ko bai dace ba, kuma maƙalar ba ta taɓo ta ba. Marubucin da ya mutu a ra'i yana nan yana karɓar ladan cinikin littafinsa a banki.

Shi kansa Barthes bai zauna inda ya tsaya a 1967 ba. A 1973 ya rubuta cewa a cikin matani, ta wata fuska, yana marmarin marubucin. A 1975 kuma, shekara biyar kafin wata motar ɗaukar kayan wanki ta buge shi a titin Paris ya rasu bayan wata guda, ya fitar da littafi kan rayuwarsa, har da hotunan yarinta da na mahaifiyarsa. A farkon littafin, da rubutun hannunsa, ya gargaɗi mai karatu cewa a ɗauki duk abin da ke ciki kamar wani ɗan wasa ne a ƙagaggen labari yake faɗa.