Santimita 15 tsakanin waya da na'urar zuciya: abin da ƙa'idar FDA take nufi

A watan Mayun 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi ga masu ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya a jikinsu: kada wayar salula ko agogon hannu na zamani su kusanci na'urar ƙasa da inci 6, wato kusan santimita 15. Shawara ce ta kiyaye lafiya, babu tara ko hukunci a bayanta, amma likitocin zuciya na ɗaukar ta da muhimmanci.

Matsalar daga maganaɗisu take. Da gangan aka ƙera waɗannan na'urori su canza aiki idan maganaɗisu mai ƙarfi ya kusance su, domin likita ya samu hanyar sarrafa su, misali lokacin tiyata. Na'urar da ke daidaita bugu sai ta koma bugawa a gudu ɗaya, ba ta ƙara sauraron zuciyar. Wata irin na'urar kuwa, mai girgiza zuciya da lantarki idan bugunta ya rikice, tana dakatar da wannan ceto muddin maganaɗisun na kusa. A nan hatsarin yake, domin mai yiwuwa mutum ba zai ji komai ba, kuma idan rikicin ya zo a wannan lokaci ba abin da zai tare shi. Da zarar an janye wayar, na'urar takan koma aikinta.

Wayoyin iPhone 12 da suka fito a 2020 suna da zoben maganaɗisu a bayansu, kuma su ne suka tayar da maganar. Kamfanin Apple ma ya ba da tazarar santimita 15, ya ce a ninka zuwa 30 idan wayar na kan caji marar igiya. FDA ta ce hatsarin kaɗan ne, ba ta hana kowa riƙe waya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne aljihun gaban riga. Galibi ana dasa na'urar a ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin wuya ta hagu, daidai inda aljihun kaftani yake zama, kuma nan ne dattawanmu suka saba zura waya. Mai na'ura ya mayar da wayarsa aljihun gefe, ya riƙa karɓar kira da kunnen da ke ɗaya ɓangaren, kada kuma ya yi barci da waya a kan ƙirji. Idan ya ji jiri ko bugun zuciyarsa ya sauya, ya nisantar da wayar nan take, sannan ya je likitansa ya duba na'urar.