Yini guda a jirgin ruwa mai tafiya da iska a gaɓar Zanzibar: tambayoyi da amsoshi

Masu zuwa tsibirin Unguja, babban tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya, da wuya su dawo ba su ji labarin fita teku a jirgin katako ba. Ana tashi da hantsi, iska ta ja jirgin a hankali gefen gaɓa, a tsaya inda ruwa yake garau a leƙa abin da ke ƙasa, a ci kifi gasasshe a kan rairayi, a dawo kafin magariba. Ga mutumin da ya tashi nesa da teku akwai tambayoyi da yawa kafin ya yarda ya sa ƙafa a ciki, kuma duk tambayoyi ne na hankali.

Wane irin jirgi ne, kuma me ke tafiyar da shi?

Jirgin katako ne da maƙera jirage na gaɓar suke haɗawa da hannu, musamman a ƙauyen Nungwi da ke ƙarshen arewacin tsibirin. Mutanen wurin suna kiran babban da ke ɗaukar kaya jahazi, matsakaicin mashua, ƙaramin kwalekwalen masunta mai fikafikan katako a gefe biyu kuma ngalawa. Yawanci mashua ake fita yawo da shi. Yana da sanda guda a tsaye, da wata doguwar sanda da aka rataya a karkace, wadda aka ɗaura wa babban ƙyalle mai kusurwa uku. Wannan ƙyallen shi ke kama iska.

Ɗaga shi aiki ne na mutum uku ko huɗu. Za ka ga sun jeru a kan igiya ɗaya suna ja tare, sandar tana hawa da ƙugi, ƙyallen yana kaɗawa fal-fal, sai can iska ta cika shi ya yi tumbi, jirgin ya ɗan kishingiɗa gefe guda. A nan matuƙin, wanda suke kira nahodha, yake kashe inji. Daga nan ba ka jin komai sai ruwa yana dukan katako. Kusan duk jiragen yanzu suna da ƙaramin inji a baya saboda ranar da iska ta kwanta, kuma hakan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne a sayar maka da tafiyar iska, sannan a yini ana gudu da inji, a ɗaga ƙyalle minti goma domin hoto.

Iskar kuwa tana da ƙa'ida. Daga wajen Disamba zuwa Maris tana kaɗowa daga arewa maso gabas, ita ce kaskazi. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba ta juya ta riƙa zuwa daga kudu, ita ce kusi, kuma ta fi ƙarfi. Da wannan juyin ne fataken Oman da Indiya suka shekara ɗaruruwa suna zuwa gaɓar gabashin Afirka da kaskazi, su koma gida da kusi.

Ina ake zuwa?

Wurin da ya fi dacewa da tafiyar natsuwa shi ne mashigin Menai, a kudu maso yammacin tsibirin. Gwamnatin Zanzibar ta keɓe shi a 1997, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 470, bayan kamun kifi da nakiya ya yi wa duwatsun murjani ɓarna. Ana tashi daga ƙauyen Fumba, ƙasa da awa guda a mota daga tsohon birnin Zanzibar. A cikin mashigin akwai tsibirin Kwale mai wata tsohuwar kuka da tafki da itatuwan ruwan gishiri suka kewaye, akwai kuma tudun farin rairayi da ke fitowa tsakiyar teku in ruwa ya janye, ya nutse in ya ciko. Cikowa da janyewar teku a nan babba ce, takan kai kusan mita 4 a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa, shi ya sa lokacin tashi yake canzawa daga rana zuwa rana.

A arewa maso gabas akwai Mnemba. Ruwansa ya yi suna wajen haske, amma tsibirin kansa ba a sauka a kai, kuma da safe jirage kan yi cincirindo a wurin. Akwai kuma tsibirin Chumbe, inda aka hana kamun kifi tun 1994 kuma ake taƙaita yawan baƙi. Murjanin Chumbe yana cikin waɗanda suka fi lafiya a yankin.

Me ake nufi da leƙen ƙarƙashin ruwa? Nutso ne?

Ba nutso ba ne. Kana kwance ne rub-da-ciki a saman ruwa, fuskarka kawai ke ciki. Kayan aikin uku ne: tabarau na roba da ke rufe ido da hanci, bututun numfashi da kake cizawa a baki wanda bakinsa ke sama a iska, da takalman roba masu faɗi da ke ƙara wa ƙafa ƙarfin turawa.

Idon ɗan Adam ba ya gani sosai in ruwa ya taɓa shi kai tsaye. Tabarau yana ajiye 'yar iska tsakanin ido da ruwa, sai komai ya fito tar. Haske yana karyewa a wannan gilashin, don haka abu yakan yi kamar ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa. Kifin da ka rantse ya kai kamu guda bai kai ba. Bututun kuwa gajere ne da gangan, wajen santimita 40. Da ya fi haka tsawo, iskar da ka fitar za ta riƙa maƙalewa a ciki kana sake shaƙar ta, sannan nauyin ruwa a ƙirji ba zai bar ka ka ja numfashi daga zurfi ba.

Abu biyu ke damun sabon shiga. Na farko hazo a gilashi: ana ɗan tofa yawu a ciki, a shafa da yatsa, a ɗauraye sama-sama, shi ke nan. Na biyu ya shafi masu gashin baki, domin gashi yana hana roba manne wa fata, ruwa ya riƙa tsiyaya ta ƙasan hanci. Ɗan man shafawa mai kauri a kan gashin yana rage wannan.

To wanda bai iya iyo ba fa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ba na son a amsa ta da wasa. Tsoron ruwa a wurinmu yana da dalili. Ba mu manta yaran Islamiyya da kwalekwale ya kife da su a madatsar Watari ta Bagwai a Nuwamban 2021 ba. Zanzibar ma tana da nata tabon: a Satumban 2011 jirgin fasinja Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba saboda lodin da ya wuce kima, ɗaruruwan mutane suka rasu.

Amsar ita ce wanda bai iya iyo ba zai iya yi, amma da sharaɗi. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, saboda haka yana ɗaga jiki fiye da ruwan kogi ko na dam. In ka ƙara rigar kariya da ta yi maka daidai, aka ɗaure madaurinta da kyau, ba za ka nutse ba ko kana so. Abin da ke jefa mutum cikin haɗari shi ne firgita. Ruwa kaɗan ya shiga bututu, mutum ya ƙware, ya ɗaga kai a ruɗe, ya kama na kusa da shi. Maganinsa a fara a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, kusa da tudun rairayi. Ka durƙusa, ka sa fuska, ka yi numfashi ta baki a hankali har jikinka ya yarda cewa iska tana zuwa. In ruwa ya shiga bututu, hurawa ɗaya mai ƙarfi tana fitar da shi. Sai bayan wannan a tafi mai zurfi, ɗaya daga ma'aikatan jirgi yana cikin ruwa tare da kai, yana jan tayar ceto da kake riƙe da ita.

Ka faɗa tun a bakin gaɓa cewa ba ka iya iyo ba. Babu abin kunya a ciki, yawancin waɗanda suka girma a Kano ko Damagaram haka suke. Mai ciwon zuciya, ko asma mai tsanani, ko farfaɗiya, ya tuntuɓi likita kafin tafiya. Wanda kuma ya zaɓi ya zauna cikin jirgi bai yi asarar yininsa ba.

Me ya sa ake nanata ƙaramin rukuni?

Domin lafiyarka a kansa ta rataya. Mutum shida zuwa goma, matuƙi yana iya ƙirga kawuna da ido ɗaya, ya gane wanda ruwa ya fara ja nesa, ya lura da wanda ya gaji. Mutum talatin a cikin ruwa kuwa, kowa da rigar kariya iri ɗaya, ba mai iya sanin wane ne ya yi shiru. Ga kuma kifin kansa: in ƙafafu suka yi yawa, rairayi ya tashi, ruwa ya gurɓace, kifi ya ɓuya. Ƙaramin rukuni ya fi tsada, gaskiya ne. Amma in iyali ko abokai suka haɗa kuɗi suka ɗauki jirgi guda, su za su faɗi inda za a daɗe da inda za a wuce, kuma ni a ganina wannan ya fi ƙarin kwana ɗaya a otal mai tsada.

Kafin ka biya, ka tambayi mutum nawa jirgin zai ɗauka, ka ga rigunan kariya da idonka har da na yara, ka tabbatar akwai rumfa da ruwan sha isasshe. Matuƙin da ya ce yau teku ba ta da kyau, a bari sai gobe, shi ne wanda za ka riƙe.

Me mutum zai gani a ƙasan?

Abu na farko da ke ba mutum mamaki shi ne wurin ba shiru. Akwai wani ƙas-ƙas da ba ya tsayawa, wani lokaci kuma ka ji ƙurus-ƙurus kamar wani na taunar aya. Wannan na biyun kifin aku ne, mai launin kore da shuɗi da haƙora a haɗe, yana gatsar dutsen murjani domin cin gansakukar da ke jikinsa. Abin da ya niƙa yana fita ta bayansa a matsayin farin rairayi, kuma wani kaso na rairayin da ka taka a gaɓa daga nan ya fito. Za ka ga ƙananan kifaye masu ruwan lemo da farin zane suna shiga suna fita cikin wata halitta mai yatsu masu harbi wadda ba ta cutar da su. Za ka ga garken kifi ɗaruruwa suna juyawa lokaci guda. In da rabo, kunkurun teku ya wuce.

Shi murjanin, ko da yake ya yi kama da dutse, halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne dubbai suke gina gidan farar ƙasa, a cikin jikinsu kuma akwai wata gansakuka da ke ba su abinci da launi. In zafin ruwa ya haura yadda aka saba da ko digiri 1 ne na makonni, sai su kore ta, su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu. Haka ya faru sosai a tekun Indiya a 1998, ya sake faruwa a 2016. Mai rassa yakan tsiro wajen santimita 10 a shekara, mai dunƙule kuwa wajen santimita 1 kacal. Don haka mutum ɗaya da ya miƙe tsaye a kai domin gyara tabarau yana iya karya aikin shekaru. Kada ka taka, kada ka taɓa, kada ka ciro tauraron teku domin hoto, kada ka watsa wa kifi burodi. Taɓawar ma kai take cuta, akwai murjani mai ƙuna, akwai bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe.

Dolfin, dabbobin teku masu kama da babban kifi, suna zaune a ruwan Menai, musamman wajen ƙauyen Kizimkazi. Abin da wasu jirage ke yi na bin su a guje da inji ana tsunduma mutane a gabansu yana takura musu, suna barin hutu da shayarwa. Ka ce wa matuƙi ba ka so. In sun zo da kansu gefen jirgi, ka more kallo.

Sutura, abinci da salla fa?

Akasarin mutanen Zanzibar Musulmi ne, ma'aikatan jirgin ma haka, saboda haka ba wanda zai yi mamakin ganin mutum a rufe. Dogon wando da riga mai dogon hannu na yadin da ba ya shan ruwa, da ɗan hijabi mai kama kai ga mata, su ne ma suka fi kare fata, domin rana tana gasa baya da ƙeya ba tare da ka ji ba. A guji zani da doguwar riga mai yalwa a cikin ruwa, suna nauyi suna naɗe ƙafa.

Abincin rana yawanci kifi ne da jatan lande da aka gasa a gawayi, da shinkafa da miyar kwakwa, da abarba da mangwaro. Wasu jiragen suna ɗaukar giya saboda baƙi, ka tambaya tun farko. Ruwan teku yana tsarki, hadisi ya tabbatar da haka, kana iya alwala da shi ka yi Azahar a kan rairayi. Sai dai ka kula, alƙibla a Zanzibar arewa take kallo, kusan sak, ba gabas ba.

Mai saurin jiri ya ci abu mara maiƙo da safe, ya zauna tsakiyar jirgi, ya riƙa kallon inda sama ta haɗu da ruwa, ya ajiye waya.

Yaushe ya fi, kuma wace takarda ake buƙata?

A kauce wa babbar damina, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu. Yuni zuwa Oktoba akwai sanyi-sanyi da rani, sai dai kusi kan tayar da igiyar ruwa a Yuli da Agusta. Janairu da Fabrairu akwai zafi, ruwa kuma yana da ɗumi. Ko wane wata ne, teku ta fi kwanciya da safe.

Daga Kano ana iya bi ta Addis Ababa zuwa Zanzibar, ko a sauka Darussalam a hau jirgin ruwa na fasinja, tafiyar kusan awa biyu. Mai fasfon Najeriya ya nemi bizar Tanzaniya tun da sauran makonni, domin ba a ba shi ita a filin jirgi, ya kuma riƙe katin rigakafin shawara. Tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya tata, wadda aka fara a kan dala 44, ko da mutum yana da wata daga gida.